Bautar Gumaka a Matsayin Cin Amanar Aure: Nazarin Wata Siffantawa a Littattafan Annabawan Bani Isra'ila

1.0 Gabatarwa

A cikin Tsohon Alkawari akwai wata doguwar siffantawa wadda ta mai da Ubangiji miji, al'ummar Bani Isra'ila mata, bautar gumaka kuwa zina. Wannan maƙala za ta duba yadda littattafai uku suka sarrafa ta, don a nuna cewa ƙarfinta ya rataya ne a kan harshen Ibrananci da dokar aure ta wancan zamani.

2.0 Yusha'u: kalma mai harshen damo

Yusha'u (wato Hosiya, ba Yusha'u ɗan Nun ba) ya rayu a masarautar arewa cikin ƙarni na 8 kafin Miladiyya, gab da faɗuwar Samariya a hannun Assuriyawa a 722. Littafinsa ya ɗora jigon a kan aurensa da Gomer, matar da ba ta riƙe amana ba. Gwanintar tana ga kalmar ba'al, wadda ke nufin miji ko mamallaki, kuma ita ce sunan gunkin ruwan sama na Kan'aniyawa. Ke nan manomin da ya roƙi Ba'al damina ya kira wani da sunan da ya dace da miji. Shi ya sa a babi na 2 aka ce matar za ta daina kiran mijinta da wannan suna. "Maigida" ta Hausa ta kama rabin ma'anar, amma ba ta da gunki a cikinta. Kalmar aikatau zanah kuwa asalinta ɗaya da "zina" da muka aro daga Larabci, don haka nan fassara ba ta yi asara ba.

3.0 Irmiya: matsalar kome

Babi na 3 na Irmiya ya dogara ga dokar Attaura da ke Maimaitawar Shari'a 24: matar da aka saka, in ta auri wani, ta haramta ga mijin farko har abada. Mai karatu Bahaushe zai iya yin tuntuɓe a nan, domin a fiƙihun Musulunci, bayan saki uku, auren wani mijin ne ke buɗe ƙofar kome. Wanda bai san wannan bambanci ba ba zai ji nauyin babin ba, inda mijin da doka ta rufe wa ƙofa yake kiran matar ta komo.

4.0 Ezekiyel: inda salo ya rinjayi jigo

Ezekiyel, wanda aka kai bauta Babila a 597, ya faɗaɗa siffantawar a babi na 16 da na 23. Samariya da Urushalima sun zama 'yan'uwa mata, Ohola da Oholiba, kwartayensu kuwa Masar da Assuriya da Babila. Ta haka ƙawancen siyasa ma ya shiga sahun zina. Sai dai hukuncin da aka zayyana, na tsiraitawa da jifa da yanke hanci da kunne, ya yi tsananin da hoton matar ke danne saƙon. Renita Weems, a littafinta Battered Love na 1995, ta soki yadda irin waɗannan surori ke haɗa ƙauna da duka. Gaskiya ne sarakuna da malaman hadaya, wato maza, ake kunyatarwa ta hanyar mai da su karuwa, amma makamin bai yi kaifi ba sai da aka ɗauki mace a matsayin alamar rashin amana.

5.0 Kammalawa

A ganinmu Yusha'u ya fi sauran riƙe linzamin siffantawar, domin fushi da bege suna tafiya tare a littafinsa. Ya kamata malamin da zai koyar da waɗannan nassosi da Hausa ya fara da bayanin ba'al da dokar saki, ya kuma tunatar da ɗalibai cewa adon harshe ba hukuncin zaman aure ba ne.