Masu Awarwaro Ruwan Lemo na Japan

A 2005 Ma'aikatar Lafiya ta Japan ta ƙaddamar da shirin wayar da kai kan cutar mantuwa, amma 'yan sa-kai ne suka ɗauki aikin a ka, kuma su nake jinjina wa. Suna bin makarantu, bankuna da kantuna da darasin minti 90, a da kuma wanda ya kammala akan ba shi awarwaro ruwan lemo. Zuwa 2018 waɗanda aka koyar sun haura miliyan 10.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin darasin. Idan tsohuwa ta rikice wajen ƙirga kuɗi, mai kanti kada ya azalzale ta, kada ya kunyata ta. Ya tunkare ta ta gaba, ya yi mata magana a hankali. Ingila ma ta kwaikwayi shirin a 2013.