Kuka a Tukunya: Ruwan Sukari Ba Zai Tashe Ta Ba

Idan kana leƙa TikTok ko Facebook, wataƙila ka ci karo da irin bidiyon nan: 'yar bishiya a tukunya ta zubar da ganye, an shigar da ita ɗaki, an tsiyaya mata ruwan sukari da taki, sai ga ta kore shar. Bonsai ke nan, fasahar renon bishiya ta tsufa tana ƙarama, wadda Japanawa suka koyo daga Sin. To, in kana da kuka ko kariya a tukunya a Birnin Kudu ko Gwaram, wannan shawara na iya kashe maka ita.

Babban aibin bidiyon, ba ya tambayar wace bishiya ce, kuma wane lokaci ne. Kuka takan kaɗe ganyenta da rani don rage asarar ruwa, kariya ma haka. Hutu suke yi. Ka ɗura musu ruwa a lokacin, sai ya cike kafofin iskar da ke cikin ƙasa, saiwa ta kasa numfashi, ta ruɓe. Shi kuwa sukari, ƙwayoyin cutar da ke ƙasar yake ciyarwa, su ƙara shanye iskar. Bishiya da kanta take haɗa sukarinta a ganye, da hasken rana. Hasken tsakar rana yakan kai lux 100,000, na cikin ɗaki da ƙyar ya wuce 500. Ka ga ke nan yunwa take sha a ɗakin.

Abu ɗaya suka faɗa daidai: a duba saiwa. Zare bishiyar daga tukunya. Saiwa mai tauri, mai haske, lafiyarta ƙalau. Baƙa mai laushi da wari, yanke ta. Bar wurin yankan ya sha iska, sannan ka mayar da ita cikin ƙasa mai yashi sosai, a tukunya mai huji. Fitar da ita rana sannu a hankali, kuma kada ka ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe. In kariya ce, kula da ruwan jikinta, guba ne.

Ran da ka bi ta duwatsun Birnin Kudu, dubi bishiyoyin da suka tsiro a tsagar dutse: ƙasa 'yar kaɗan, rana tsantsa, ruwa ba ya kwana musu. Haka taka take so.