Abin da Ake Saye a Zauren Gwanjon Kayan Tarihi

A watan Nuwamban 2014 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani agogon aljihu a Geneva, aka sallama shi a kan kusan dala miliyan 24. Patek Philippe ne ya ƙera shi, ya miƙa wa attajirin Amurka Henry Graves a 1933, kuma yana yin ayyuka 24 ban da nuna lokaci, har da taswirar taurarin samaniyar New York. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi shi cika lokaci. Abin da ya ja kuɗin shi ne an san wanda ya sa aka yi shi, an san hannun da ya bi, an san cewa a 1999 an taɓa sayar da shi dala miliyan 11. Asalinsa a rubuce yake tun daga maƙera.

A kan wannan takarda sana'ar take tsaye, tun daga Sotheby's da aka kafa a 1744 da Christie's na 1766 har zuwa Drouot na Paris. Kafin ranar ciniki ana buga kundin kaya da hotuna da ƙiyasin farashi. Mai kaya da dillali suna da wani farashi na sirri wanda in tayi bai kai shi ba, to albarka. In guduma ta sauka, mai saye zai ɗora la'ada, sau da yawa kusan rubu'in kuɗin. A ƙarƙashin kowane hoto kuwa akwai jerin waɗanda suka taɓa mallakar abin, kuma sunan wani basarake ko shahararren mai tara kaya yakan ninka farashi.

Inda nake da ja shi ne wurin da jerin yake farawa. Na agogon Switzerland daga maƙeri yake tashi. Na sassaƙen da aka kwaso daga wata ƙasa kuwa daga Baturen farko da ya riƙe shi. A 2009 Christie's ta fito da kawunan tagulla biyu, na ɓera da na zomo, a gwanjon kayan Yves Saint Laurent da Pierre Bergé. Suna cikin dabbobi 12 na wani agogon ruwa a fadar Yuanmingyuan ta Beijing, wadda sojojin Ingila da Faransa suka wawashe a 1860. Wani ɗan Sin, Cai Mingchao, ya fi kowa tayi, sannan ya ce ba zai biya ba. Sai a 2013 iyalan Pinault, masu Christie's, suka mayar da su. Kayan Benin da aka kwashe a 1897 ma haka suke yawo. A 2007 an sayar da sassaƙen kan wani Oba, wato sarkin Benin, a New York a kan dala miliyan 4.7.

Waɗannan aƙalla an san ranar da aka sace su. Mutum-mutumin Nok ko wannan gatan ba su da shi. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su a kudancin Kaduna ta yau, a 1943 kuma wani Bature, Bernard Fagg, ya ga wani kai na Jema'a wanda aka kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye. Da kasuwar Turai ta buɗe musu baki, sai haƙa ta koma ta dare. Mai haƙa kai yake nema, don shi ake taya wa da tsada. Gawayin da ke gefensa, da fasassun tukwane, da zurfin ƙasar da ya kwanta, waɗanda da su masana ke gane shekarunsa da rayuwar masu shi, duk sai a watsar. Haka aka yi wa Bura a Nijar, haka aka yi wa na Sakkwato da Katsina, shi ya sa hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su duka cikin jan kundinta a 2000. A shekarar ce kuma aka baje wasu na Nok a Louvre waɗanda Faransa ta saya a hannun wani dillalin Brussels, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka daidaita a 2002 cewa na Najeriya ne, aro aka ba da na shekara 25.

Dillalai sukan nuna takardar gwajin ɗakin bincike da ke auna lokacin da aka gasa yumɓu. Gwajin yana faɗin tsufa, ba ya faɗin halacci, kuma masu jabu sun iya liƙa tsofaffin gutsattsari su haɗa sabon mutum.

Gaskiya ne gidajen gwanjo sun adana abubuwa da dama, kundinsu ma ya taimaka an gano na sata. Sai dai dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukuma ba, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuma ta daɗe da zama ma'auni. Duk kan Nok da aka ɗora a teburin gwanjo babu takardar izinin fita, babu shaidar ya bar ƙasa kafin dokokin nan, kayan sata ne, ko da sunan wane ne a ƙarƙashin hotonsa.