3.4 Jigon Iyakance Ikon Gwamnatin Tsakiya a Littafin Sardauna

A littafin tarihin rayuwarsa, My Life, wanda aka buga a 1962, Sir Ahmadu Bello ya ba da ƙarfi ainun a kan rikicin majalisar Ikko na 1953. Bayan wannan rikici ne Arewa ta fito da ƙudurori takwas, inda ta nemi a bar wa tsakiya 'yan abubuwa kamar tsaro da harkokin waje da kwastan, sauran kuwa kowace jiha ta riƙe abinta. A nan marubucin ya yi rawar gani wajen kafa hujja, domin kuwa mai karatu zai ji tsoron danniyar Kudu a bakinsa ƙarara.

Sai dai idan aka lura, ikon da yake son a taƙaita na Ikko ne kawai. Ikon En'e a kan talaka bai sami irin wannan kulawa ba. Wannan kuwa abin mamaki ne ga mutumin da aka haifa a Rabah, ya zama hakiminta a 1934, sannan a 1943 kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri kan zargin cin kuɗin jangali, ɗaukaka ƙara a Zariya ce ta wanke shi. Wato ke nan shi kansa ya ci moriyar 'yancin da 'yan NEPU suka sha nema a gaban alƙalai. Shi kuwa babin 'yancin ɗan Adam na tsarin mulkin 1960, daga shawarar hukumar Willink ta 1958 ya samo asali, saboda koke-koken ƙananan ƙabilu.