Tsohuwa Rumbun Tarihi: Sharhi a Kan Littafin Baba Mutuniyar Karo

Gabatarwa

Idan tsohuwa ta rasu a gidan Bahaushe, akwai kalmomin da kowa ya san za a faɗa a wurin zaman makoki. Za a ce baiwar Allah ce mai haƙuri, mai zumunci, ba a taɓa jin kanta da kowa ba, sa'an nan a yi mata addu'a a shafa. Bayan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sai 'ya'ya da jikoki su watse. Wannan yabo ba ƙarya ba ne, amma fa riga ce wadda ake iya sa wa kowace tsohuwa. Shekara saba'in ko tamanin da ta yi a duniya, da garuruwan da ta zauna, da aurarrakin da ta yi, da tashin hankalin da ta gani, duk sai su bi ta kushewa. Littafin da za a duba a nan ya nuna wata hanya dabam ta tunawa da uwa da kaka, watau a bar ta ta faɗi rayuwarta da bakinta.

Asalin littafin

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a ƙauyen Karo, a yankin da ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Zazzau. Asalin gidansu Barebari ne, mahaifinta kuwa manomi ne kuma malami. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita, tana faɗa tana rubutawa da Hausa. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, yana bincike a ƙasar Zazzau a lokacin, kuma shi ne ya wallafa littafin nan na tsarin sarautar Zazzau a 1960. Da yake namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa ce ta iya shiga cikin gida. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. An buga shi da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, aka fassara shi da Faransanci a 1969, Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga shi a 1981. Bai fito da Hausa ba sai da aka shiga shekarun 1990.

Uwar da ba ta haihu ba

Abu na farko da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne, wannan mace da littafin ya fito da ita a matsayin uwa da kaka ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta ɗa ba. Amma duk da haka ɗakinta bai zauna babu yaro ba, domin an ba ta riƙo, ta rena, ta aurar. A nan ne littafin ya kama wata gaskiya ta zaman Hausawa wadda yabon makoki ba ya iya bayyanawa. A gidan Bahaushe na da, uwar da ta haifi ɗan fari tana jin kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Saboda haka sau da yawa kaka ko goggo ce take ɗaukarsa bayan yaye. Ita kuwa kaka babu kunya tsakaninta da jika, sai wasa: namiji ta kira shi miji, mace ta kira ta kishiya. Ke nan an raba aikin uwa gida biyu, wata ta haifa, wata ta sake jiki da yaro. Baba ta tsaya a wannan gida na biyu ne tsawon rayuwarta, kuma yadda take bayanin haihuwa da wankan jego da suna da yaye, bayani ne na wadda ta saba tsayawa a kan waɗannan al'amura, ba na 'yar kallo ba.

Haƙuri da iyakarsa

Marsiyya tsohuwar hanya ce ta tunawa da mata a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mata na kusa da ita marsiyyoyi, inda ta yabi ibadarsu da kyautarsu da kyawun halinsu. Manufar marsiyya ita ce ta kafa abin koyi, don haka takan zaɓi abin da za ta ambata. Littafin Baba bai yi wannan zaɓi ba. Mai karatu zai ga yarinyar da ta karɓi auren zumunta don ta faranta wa iyaye, daga baya ta nemi rabuwa da zaman bai yi mata ba. Zai ga kuma tsohuwar da ta yi auren takalmi a ƙarshen rayuwarta, tana zaune a gidanta, miji yana zuwa. Ta yi maganar kishi da ƙawance da kulle da bori ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Haƙuri yana nan a cikin labarin, amma haƙuri ne na mai hankali wadda ta san inda za ta tsaya da inda za ta tashi. Lalle wannan shi ne babban ƙarfin littafin: bai mai da Baba waliyya ba, ya bar ta mutum, kuma ta haka ne mai karatu yake jin ƙaunarta.

Tarihi daga tsakar gida

Tarihin da aka saba karantawa yana cewa Turawa sun shiga Zariya a 1902, sun ci Kano a 1903. Baba tana da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, kuma abin da ta riƙe ba sunayen masu yaƙi ba ne. Ta tuna da zamanin da mahara suke kama mutane a gona da kan hanya, har da matan gidansu, da yadda dangi suke tara wuri su bi sawu su fanso su. Don haka ta bayyana cewa talakawa Haɓe irinsu sun yi maraba da zuwan Turawa, domin hari ya ƙare. Ta kuma bayyana ɗaya gefen, watau yadda bayin da suke noma a rinjin gidansu suka fara watsewa. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma a bakin Baba ne ake ganin abin da doka ta zama a gona da rumbu. Ba dole ba ne mai karatu ya yarda da hukuncinta a kan Turawa. Abin lura shi ne, hukunci ne na wadda abin ya shafa, irin wanda ba a samu a takardun fada ko na ofishin Razdan.

Inda littafin ya gaza

Duk da haka akwai raunin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Na farko, ana jin hannun mai tambaya ko da ba a ganin tambayar. Baba takan tsaya ta yi bayanin al'adar da babu kakar da za ta yi wa jikanta bayaninta, domin shi ma a cikinta ya tashi. A irin waɗannan wurare labari yakan tsaya, darasi ya shiga. Na biyu, bayin nan da aka ambata daga bakin 'yar masu gida aka ji su. Abin da yake zuciyarsu bai shiga littafin ba. Na uku shi ne harshe. Mary Smith ta yi ƙoƙari ta bar kalmomi da dama da Hausarsu, amma habaici da zolaya da karin maganar tsohuwa ba sa ƙetare fassara lafiya. Abin takaici kuma shi ne, mutumin Faris ya riga jikokin Baba samun labarinta a harshensa da fiye da shekara ashirin.

Kammalawa

Waɗannan raunuka ba su rage darajar aikin ba, sai dai sun nuna wanda ya fi cancanta ya yi irinsa. Baƙuwa ta zauna da Baba na 'yan makonni ta fito da littafin da har yanzu ake karantawa. Jika kuwa yana zaune da kakarsa shekara da shekaru, yana jin harshenta, ya san mutanen da take ambata, ba ya bukatar tafinta, kuma yau wayar da take aljihunsa tana iya ɗaukar murya. Matan da aka haifa kafin samun mulkin kai a 1960, waɗanda suka ga yaƙin basasa da farin shekarun 1973 da 1974 daga tsakar gida, suna nan da sauransu, amma kullum raguwa suke yi. Addu'a hakkinsu ce bayan sun tafi. Sauraro kuwa hakkinsu ne tun suna raye, kuma shi ba a iya ramuwarsa ranar sadakar arba'in.