Don Williams: Murya Tasa, Alƙalami Na Wasu

Duk wanda ya saba da gidajen rediyonmu da motocin haya a shekarun 1980, da wuya a ce bai ji kasat ɗin Don Williams ba. An haife shi a Teksas ta Amurka a 1939, ya rasu a 2017, bayan waƙoƙinsa 17 sun zo na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, watau kiɗan mutanen karkarar ƙasar.

Muryarsa ita ce jarinsa: ƙasa-ƙasa, ba ihu, ba gaggawa, sai jita na biye da ita sannu. Ko wanda ba ya jin Turanci yakan natsu. Har Harare ya je ya yi wasa a 1997.

Sai dai mu marubuta muna ja da masu kiransa fasihi kai tsaye. Ya rubuta wasu da kansa, ba musu, amma "Amanda" ta Bob McDill ce, "Tulsa Time" kuwa ta Danny Flowers. Shata a gaban jama'a yake ƙaga baitinsa. Shi Williams gwanin zaɓe ne, zaɓen kuma bai cika wuce soyayya da begen gida ba. Saurari faifansa uku a jere, sai ka rasa inda na farko ya ƙare.