Jinjina ga La Termitière ta Wagadugu

A shekarar 2006 ne Salia Sanou da Seydou Boro, 'yan Burkina Faso da suka yi fice a fagen rawa, suka buɗe cibiyar La Termitière a Wagadugu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take riƙe mai tsara rawa: a ba shi ɗakin atisaye da isasshen lokaci, ya yi ta gwaji har aikin ya nuna, ba mai azalzalarsa. Matasa na koyon sana'ar a hannun gwanaye, bikin Dialogues de Corps kuma yana fito da ayyukan a gaban jama'a. Sanou har sansanin 'yan gudun hijirar Mali ya kai horon. Allah ya ƙara musu ƙarfin gwiwa.